ƘURAJEN ASKI: Laifin Aska Ne, Ko Na Gashi?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran aski ranar Juma'a da hantsi, ko a rumfar wanzami a bakin kasuwar Kurmi ta Kano, ko a shagon masu kilifa a Agege da Idi-Araba cikin birnin Ikko, ko kuwa a unguwar Sabo ta Ibadan, lalle ya san irin mutumin da za a yi magana a kansa. Shi ne wanda idan layi ya zo kansa aka ce ya ɗaga haɓa, sai a tarar daga ƙarƙashin muƙamuƙinsa har zuwa maƙogwaro duk ƙananan ƙuraje ne, waɗansu sababbi masu ruwa, waɗansu kuwa sun daɗe da bushewa sun bar baƙin tabo. Ga shi yana so ya tafi masallaci fes, ko kuwa ranar Litinin akwai fareti ko ofis na jiransa. Ga mai aski kuma da aska a hannu, ya sani sarai in ya ɗora ta jini zai fita, in kuwa ya ƙi, kuɗin ya tafi rumfar maƙwabci.

Galibi ƙarfe ake ɗora wa laifi. A kan ce askar wane tana da dafi, ko kilifar wane ba ta da tsabta, har mutum ya yi ta sauya masu aski kamar riga, amma ƙurajen suna nan inda suke. Gaskiya ne ƙazamin ƙarfe yana kawo cututtuka, kuma za a zo kan wannan a gaba. To amma ƙurajen da suka fi addabar maza a wuya da haɓa, ko da aska ta fito daga takardarta sabuwa ful, kuma an wanke fuska da sabulu sau uku, sai sun fito. Dalili kuwa shi ne ba daga waje suke zuwa ba. Gashin mutum ne da kansa yake komawa ya soke shi.

YADDA GASHI KE ZAMA SARTSE

Gashin Bature ko na Basine daga rami miƙaƙƙe yake fitowa, shi ya sa yake tafiya sak. Gashin baƙar fata kuwa tun daga cikin fata raminsa a lanƙwashe yake, silin kansa kuma ba zagayayye ba ne, a ɗan baje yake, saboda haka da zarar ya leƙo sai ya fara naɗewa. Idan an bar shi ya yi tsawo ba ya cutar da kowa. Aska ce take mai da shi makami, domin kuwa tana yanke shi a karkace, ta bar masa tsini kamar an fiƙe alƙalami. Bayan kwana biyu ko uku ya tofo kamar milimita ɗaya ko biyu, sai ya lanƙwaso ya caki fatar da ke kusa da shi, ya ci gaba da girma a cikinta.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi wannan muni, kuma ita ce ta shafi gwanintar mai aski kai tsaye. Kowa ya san yadda wanzami yake sa babban yatsa ya ja fata ta miƙe kafin ya goga aska, don fuska ta fito sumul. Sa'ad da aka ja fatar, gashin yakan ƙara fitowa waje. Da an yanke shi aka saki fatar sai guntun ya nutse ƙasa da bakin raminsa. Daga nan ba ya ma samun fitowa, sai ya huda bangon ramin ta ciki. Haka nan rezar zamani mai baki biyu ko uku take yi. Tun da kamfanin Gillette ya fito da reza mai baki biyu a shekarar 1971, dabarar da ake tallata ta da ita ke nan: bakin farko ya ɗago gashi, na biyu ya sare shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan ci gaba ne. Ga mai naɗaɗɗen gashi kuwa shuka ƙuraje ne.

Jiki ba ya bambanta gashin da ya shige shi da ƙaya ko sartse. Wurin sai ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi da zafi, wani lokaci ya tara mugunya, in ya warke kuma ya bar baƙin tabon da kan ɗauki watanni bai washe ba. Waɗansu mutanen ma jikinsu mai tsiro da tabo ne, watau tabon yakan taso ya yi tudu mai tauri wanda ba ya komawa da kansa. A shekarar 1956 ne waɗansu likitocin fata biyu a Amurka, John Strauss da Albert Kligman, suka bayyana yadda abin yake faruwa, suka kuma kira shi sudofolikulaitis, watau abin da ya yi kama da ciwon ramin gashi irin na ƙwayoyin cuta amma ba shi ba ne. Littattafan likitocin fata sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 45 zuwa kashi 83 cikin 100 na baƙaƙen fata maza da ke aske fuska kullum suna fama da shi. A shekarar 2004 kuma masu bincike suka gano wani ɗan bambanci na gado a cikin sinadarin da ke gina ramin gashi, wanda yake ƙara wa mai shi haɗarin kamuwa. Ashe dai ba ƙazanta ba ce, kuma bai kamata mai abin ya ji kunya ba.

Wani zai ce ai masu ajiye gemu sun huta. Ba duka ba. Da yawa daga cikin masu gemu, ko don addini ko don ado, sukan je gyaran fuska a kowane mako, a daidaita musu saje, a share musu ƙarƙashin wuya da aska. To wuyan nan kuwa shi ne matattarar ƙurajen, domin fatarsa tana da laushi da lanƙwasa, gashinsa kuma ba ya kwanciya fuska ɗaya, kowane sili da inda ya sa gaba.

INDA ABINCIN MUTUM YA RATAYA GA HAƁARSA

Maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne a daina aski, to amma ba kowa ne yake da wannan iko ba. Masu kaki, da ma'aikatan waɗansu bankuna da otal-otal, sharaɗin aikinsu ne su zo da fuska a share. Wannan al'amari ya daɗe yana tayar da ƙura a Amurka, inda baƙaƙen fata suke da yawa a aikin soja. A shekarar 1970 shugaban sojojin ruwan ƙasar, Admiral Elmo Zumwalt, ya yarda a ajiye gemu, amma a ƙarshen 1984 aka soke wannan izini, aka koma ba masu ƙuraje takardar likita ta ɗage aski. A shekarar 2019 rundunar ruwan ta daina ba da irin takardar ta dindindin, bisa hujjar cewa gemu yana hana abin rufe fuska na kare hayaƙi kamawa da kyau. A shekarar 2025 kuma Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta ba da umarnin cewa sojan da ya haura shekara guda yana dogara da takardar, a duba batun sallamarsa. A ɓangaren farar hula kuwa, a shekarar 1993 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a kan shagunan abinci na Domino's cewa dokarsu ta hana gemu kwata-kwata ta fi danne baƙaƙen fata, don haka tilas su ɗaga wa masu wannan larura ƙafa.

Abin lura a nan shi ne ƙurajen da ake rainawa a rumfar wanzami sun isa su raba mutum da aikinsa. Saboda haka idan kurtu ko ɗan sanda ya zauna gaban mai aski ya ce, "Malam, a share min tas, gobe akwai dubawa," ba son kwalliya ne ya kawo shi ba, kuma ba a sallame shi da cewa ya je ya bar gemu kawai.

ABIN DA MAI ASKI ZAI DUBA KAFIN YA TAƁA

Aikin farko na ido ne, ba na hannu ba. Mai aski ya kai mutum wajen haske ya dubi fatar sosai, domin ba kowane ƙurji ne na gashi ba. Na gashi a kan gan su a wuya da haɓa da kumatu, ba safai suke fitowa a gashin baki ba, kuma idan aka ƙura ido a kan hangi silin gashi ya yi baka ya shige cikin ƙurjin. Idan kuwa aka ga ƙuraje masu mugunya da ɓawo ruwan zuma suna yaɗuwa, ko tabo zagayayye mai garin fata wanda gashin cikinsa ke kakkaryewa irin na makero, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe a gefen leɓe irin waɗanda kan biyo bayan zazzaɓi, to waɗannan cututtuka ne masu yaɗuwa. Aska za ta kwashe su ta shuka a sauran fuskar, ta kuma kai wa na bayansa a layi. A nan babu wata dabara sai a ajiye ƙarfe a tura mutum asibiti. Haka kuma ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda kan haɗe su zama tudu su cinye gashin wurin: yawan bin su da reza don fitar da layi ƙara musu ƙarfi yake yi.

Idan an tabbata na gashi ne kuma suna ɗanye, shawarar likitocin fata ita ce a huta da aska na kimanin mako huɗu, mai tsanani kuwa har wata biyu ko uku. Gemu yana tofowa wajen santimita ɗaya a wata, kuma idan silin ya kai wannan tsawo yakan fizge tsininsa daga cikin fata da kansa, kamar yadda reshen da aka tanƙwara yake miƙewa. Ya kamata a gaya wa mutum tun da wuri cewa a kwanakin farko abin zai yi kamar ya ƙaru, domin gashin da aka riga aka yanke bai gama shigewa ba. Da yawa a nan suke karaya su koma ga reza.

Wanda ba shi da halin jira fa? A nan ne kilifa ta fi aska. Idan aka sa mata ƙaramin mataji, ko aka daidaita bakinta yadda za ta bar gashi kamar milimita ɗaya, fuska za ta fito a share ga mai kallo daga nesa, amma silin bai nutse ba balle ya huda rami. Abin takaici shi ne masu shaguna da yawa sukan matse haƙoran kilifa har su zama kamar reza, don layi ya fito da kyau, ta haka sai su mai da ita abin da aka gudo daga gare shi.

Bayan fata ta lafa, idan dole sai an koma ga aska, akwai ladubban da ke rage ɓarna ƙwarai. A jiƙa gashin da ruwan ɗumi na kamar minti biyar, ko a ɗora tsumma mai ɗumi, domin jiƙaƙƙen gashi yana yankuwa da sauƙi kuma tsininsa ba ya kai na busasshe kaifi. A sa kumfa sosai. A yi amfani da reza mai baki ɗaya, sabuwa, a bi gashi ta inda ya kwanta, kada a tare shi, kada a ja fata, kada kuma a maimaita wuri ɗaya sau uku ana neman sulɓi. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya ga tsohon wanzami, domin an horar da hannunsa a kan cewa gwani shi ne wanda in ya gama, aka shafa ba a jin komai. Ga mai ƙuraje kuwa, gwani shi ne wanda ya bar ɗan kaushi da gangan, ya kuma iya yi wa mai fuskar bayanin dalili. Silin da ya riga ya shige, ana iya ɗago bakinsa a hankali da allura mai tsabta, ko a goga wurin da tawul ko buroshin haƙori mai laushi kafin barci. Amma kada a tuge shi. Idan aka tuge, sabon da zai tsiro daga can ƙasa shi ma cikin fata zai ɓace.

Sa'an nan ga batun abin da ake shafawa bayan an gama. Sifirit da turare mai ƙarfi, da alif da waɗansu ke gogawa don tsai da jini, suna sa mutum ya ji raɗaɗi har ya ɗauka magani ne ke aiki, alhali busar da fata suke yi, musamman da hunturu. Ruwan sanyi da ɗan mai marar turare sun wadatar.

HODA, MAYUKA DA NA'URA

Akwai hodar cire gashi da ake kwaɓawa a shafa, wadda mai sinadarin bariyom salfaid a cikinta takan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana narkar da gashi ne maimakon yanke shi, don haka bakinsa ba ya yin tsini, kuma mutane da yawa sun sami sauƙi da ita. Sai dai abin da ke narkar da gashi yana iya cin fata. Ba a shafa ta a kan ƙurji ko rauni, ba a wuce mintocin da aka rubuta a gwangwani, ba a maimaita ta kafin kwana biyu ko uku, kuma wanda bai taɓa amfani da ita ba ya fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan ya kwana ya gani.

Haɗari mafi girma a kasuwanninmu shi ne mayukan nan na cikin ƙaramin bututu masu ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, har ma waɗansu masu aski ke sayarwa da kansu. Cikin kwana uku sukan kwantar da kumburi, mutum ya yi ta godiya. Amma idan aka daɗe ana shafa su a fuska, fata takan yi siriri, launinta ya rarrabu, waɗansu sababbin ƙuraje su fito, in kuwa makero ne a wurin sai ya bazu a ɓoye. Likita yana da magungunan da suka dace, kamar benzoyil feroksaid da kilindamaisin da tiretinoyin, shi ne kuma zai faɗi yawan da za a shafa da ranar dainawa. Wanda abin ya gagara, akwai na'urar leza mai ƙona tushen gashi. Irin wadda ake kira Nd:YAG ita ce ta fi dacewa da baƙar fata, domin sauran suna iya ƙona fatar tare da gashin. Sai an je sau da yawa, tana da tsada, kuma ba ta kama furfura.

MATA MA SUNA CIKI

Ba a cika faɗa a fili ba, amma mata da yawa suna da gashi a haɓa da saman leɓe, kuma saboda surutun jama'a a ɓoye suke fama da shi, yawanci ta hanyar tsigewa da hantsaki kowace safiya. Tsigar nan ita ce ke kawo ƙuraje da baƙin tabo a haɓa, har tabon ya fi gashin fitowa fili. Masu gyaran jiki da ke yin halawa, watau sukari da lemon tsami da ake dafawa a manna a fizge, da masu cirewa da zare, dokar da ta hau wanzami ta hau su: fata mai ƙuraje ko kumburi ba a taɓa ta. Daɗin daɗawa, wajibi ne mai gyaran ta tambayi wadda ta zo, "Hajiya, wane mai kike shafawa?" Fatar da aka daɗe ana shafa wa man bilicin, ko maganin ƙuraje irin na tiretinoyin, takan saluɓe ta biyo halawar. Waɗansu mayukan bilicin ɗin ma su ne suke tsirar da gashin tun farko. Amarya kuwa, bai kamata a fara gwada mata wani sabon abu a fuska ana saura kwana biyu biki ba.

Gashin fuska ga mace wani lokaci alama ce ta wani abu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da wata larura ta ƙwayayen mahaifa wadda ke rikita al'ada, ta kawo ƙuraje da gashi, wani lokaci ta jinkirta haihuwa. Idan kuwa gashin ya taso farat ɗaya, murya kuma ta soma kauri, wannan ba aikin mai halawa ba ne, a hanzarta ganin likita. Akwai wani mai da ake kira eflonitin wanda ke rage saurin tsirar gashin fuska, kuma tarihinsa abin mamaki ne. Tun kafin nan maganin ciwon barci ne, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, amma aka daina yin sa a tsakiyar shekarun 1990 saboda masu ciwon matalauta ne. Sai da ya fito a Amurka a shekarar 2000 a matsayin man kwalliya, aka yi ta surutu, kana aka koma yi wa masu ciwon barci allurarsa a shekarar 2001.

TSABTAR ƘARFE

An faɗa tun farko cewa ƙurajen gashi ba daga ƙarfe suke ba, to amma mai ƙuraje shi ne ya fi kowa zub da jini a wurin aski, saboda haka shi ya fi kowa shiga haɗari, shi ne kuma ya fi barin haɗari a bayansa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su ma sani ba. An sa rigakafinta cikin alluran jarirai a ƙasar nan a shekarar 2004, watau yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba sai wanda ya je ya nema.

Yayyafa sifirit a bakin kilifa a kyasta mata wuta na daƙiƙa biyu ya fi kama da kwantar da hankalin mai kallo, domin gashi da jinin da suka maƙale tsakanin haƙoranta suna nan. Sai an goge su da buroshi, an wanke, sa'an nan a jiƙa bakin a cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Reza kuwa mutum ɗaya, reza ɗaya, a ɓare ta a gabansa a jefar a gabansa. Askar gado ta cikin zabira, wadda ake wasawa a kan dutse da fata, tana bukatar wanki da tafasawa tsakanin kai da kai, kuma wannan magana ce da Sarakunan Aska da ƙungiyoyin masu aski suka fi kowa ikon ɗora mutanensu a kanta. An ce wanzami ba ya son jarfa, to shi ma yana cikin haɗarin, domin yatsunsa ne kullum a cikin jinin mutane, kuma allurar rigakafin guda uku ce a cikin wata shida. Mai ƙuraje kuma, idan yana da hali, ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita a jaka.